Yadda Ake Ɗaukar Bidiyon Gidajen Abinci, Masu Haɗa Abin Sha da Bukukuwan Kiɗa a Legas

Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da matasanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago suke aikowa ita ce: wace kyamara ya kamata mutum ya saya kafin ya fara ɗaukar bidiyon gidajen abinci da tarukan kiɗa don ɗorawa a YouTube, TikTok ko Facebook? A ganina kyamara ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ya dami mai farawa, domin yawancin bidiyoyin da ke lalacewa a wannan fage abu biyu ne ke kashe su: ko dai an ɗauka ba da cikakkiyar yardar mai wurin ba, ko kuwa an ɗauka amma ba a jin abin da ake faɗa saboda ƙarar janareto da hayaniyar titi. Na jera matakan yadda aikin yake tafiya, daga ranar da za ka fara leƙa wuri zuwa ranar da kuɗi zai fara shigowa, kuma duk gargaɗin da ya shafi wani mataki yana nan a gefensa.

1. Zaɓi yanki ɗaya, ka fara zuwa ba da niyyar ɗauka ba

Cunkoson motoci kaɗai ya isa ya cinye maka yini tsakanin Agege da Lekki, saboda haka ka zaɓi yanki guda da kake iya kaiwa cikin sauƙi, ka rubuta wurare biyar ko shida a cikinsa. Sanannun wurare irin su masu tsiren Obalende, da Glover Court a Ikoyi, da University of Suya a titin Allen na Ikeja, an sha ɗaukarsu da Turanci. Ribar mai jin Hausa tana wuraren da wasu ba sa iya zama su yi hira: mai tuwo a Zangon Agege, mai waina da ke kafa tanda kusa da masallaci, mai shayin da ke ciyar da direbobi da 'yan dako da asuba a Mile 12 lokacin da motocin tumatir da albasa ke sauke kaya daga Arewa.

Zuwan farko na saye da ci ne kawai. Ka zauna kamar kowane mai ciniki, ka lura da ƙarfe nawa ake hura wuta, da lokacin da layi ke tsawo, da inda janareto yake, da ɓangaren da haske ke shigowa. In abincin bai yi maka ba, ka soke wurin daga jerinka tun a nan, tun ba ka yi wa kowa alkawari ba.

Ka lissafa hanyarka tun daga gida. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba zuwa Oyingbo, motocin BRT na hanyar Ikorodu kuma suna bi ta Mile 12, kuma duka biyun da katin Cowry ake biya. Gargaɗi: tun 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Mushin, don haka kada ka dogara da babur a waɗannan wurare alhali kana ɗauke da kayan aiki.

2. Kayan aiki da jerin sayensu

Wayar da ke hannunka, muddin tana ɗaukar 1080p (ma'aunin kyan hoton bidiyo), ta isa farawa. Kuɗinka na farko ya tafi kan makirufo ƙarami da ake maƙalawa a wuyan riga. Mai waya ya fi arha kuma ba ya buƙatar caji, amma maras waya ya fi dacewa da wurin da mai aiki ke kai-komo tsakanin wuta da teburi. Bayan makirufo sai fawa-bank, sai sandar ɗora waya mai ƙafa uku, sai ƙaramar fitilar LED mai caji, sannan memori ko filash da za ka riƙa kwashe abin da ka ɗauka. Na'urar hana girgiza da kyamara mai canjin gilashi su jira sai aikin ya fara biyan kansa. Ka haɗa da abubuwa uku da ba su da tsada amma ana yawan mantawa da su: hankici mai laushi na goge idon kyamara, abin saƙalawa a kunne don sauraren murya, da leda mai kauri ta rufe kaya, musamman daga Afrilu zuwa Yuli lokacin da ruwan Legas ke sauka ba sallama.

Ana samun duk waɗannan a Computer Village da ke Ikeja da kuma kasuwar Alaba International. Gargaɗi: kada ka biya kuɗin makirufo sai ka jona shi a wayarka a cikin shagon, ka ɗauki muryarka, ka saurara. Ka duba bakin cajin wayarka tukuna, domin wayoyin Android na yanzu da iPhone 15 zuwa sama suna amfani da USB-C, tsofaffin iPhone kuwa bakinsu daban ne. Ka sayi kaya a cikin shago mai lamba, ka karɓi rasit, kada ka bi wanda ya tare ka a bakin titi.

Kowace fita tana da kasafinta. Misali, in ka ware naira 20,000, za ka iya sa 8,000 a abincin da kai da mataimakinka za ku saya, 4,000 a sufuri, 3,000 a data, ka riƙe 5,000 don ihsani ga yaran da suka taimaka da kuma abin da ka iya tasowa. Data ba ƙaramin kaso ba ce tun bayan ƙarin kuɗin kira da na intanet da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025, don haka ka riƙa ɗora manyan bidiyoyi da tsarin data na dare in layinka yana da shi.

3. Neman izini

Wannan matakin shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kai za ka ɗauka ka tafi, shi kuwa mai wurin gobe a nan zai buɗe, a gaban maƙwabtansa da jami'an gwamnati da abokan hamayyarsa na sana'a, kuma duk abin da bidiyonka ya jawo shi zai fara gani.

Da farko ka gano wanene mai wurin. Sau da yawa saurayin da ke juya tsire a kan tukuba yaron gida ne, maigidansa yana zaune a gefe ko ma bai zo ba tukuna, kuma yardar yaro ba ta ɗaure maigida. Ka zo lokacin da ciniki ya lafa, ka yi sallama, ka gaisa sosai, ka tambayi gida da kasuwa, sannan ka shigo da maganarka a fili, kamar haka: "Alhaji, ni ina ɗaukar bidiyon sana'o'in mutanenmu ne a nan Legas ina sawa a intanet. Na ci naman nan jiya ya yi mini, ina so in ka amince in zo ranar da ta yi maka in ɗauki yadda kuke aiki. Ba kuɗi nake nema ba, kuma abin da ba ka so a nuna ba zan nuna ba." Ka buɗe wayarka ka nuna masa aikin da ka taɓa yi, ko da na gwaji ne. In bukar ta Bayerabiya ce, ka gaishe ta da ladabi irin nasu, ka kira ta Mama, in kuma Yarbancinka bai kai ba ka zo da wanda ya iya.

In wurin cikin kasuwa yake, yardar mai rumfa ba ta wadatar ba. Ka nemi shugaban 'yan kasuwar sashen, ko Sarkin Hausawan yankin, ko Sarkin Fawa in harkar nama ce kamar a mahautar Oko-Oba da ke Agege, a kasuwannin Yarbawa kuma Iyaloja ko Babaloja, wato uwar kasuwa ko uban kasuwa. Wannan ne zai kare ka daga yaran unguwa da 'yan tasha da ake kira agbero, waɗanda da zarar sun ga an kafa sanda mai ƙafa uku za su zo neman nasu. In sun zo, kada ka yi musu. Ka bar mai wurin ya yi magana da su, shi ya san su.

Ranar ɗauka, abu na farko da za ka naɗa shi ne mai wurin yana faɗin sunansa da cewa ya yarda a ɗauka a kuma ɗora. Ka ajiye wannan guntun, ba don sawa a bidiyo ba, sai don ranar da magana za ta taso. Masu ciniki kuma kowa da haƙƙinsa: wanda fuskarsa za ta fito sosai ka tambaye shi, wanda ya ƙi ka juya. Mata da yawa ba sa son a nuna fuskarsu, wasu kuma za su ce sai sun shawarci maigida, to ka ce, "Hajiya, hannuwanki da tukunya kawai zan ɗauka," ka kuma cika abin da ka faɗa. Yara ƙanana kada ka ɗauke su sai iyayensu sun sani. Haka kuma kada ka matsa wa mai tsire ya bayyana sirrin haɗin yajinsa. Da shi yake ci da iyalinsa.

Gargaɗi na farko: tun Janairun 2024 Jihar Legas ta haramta farin mazubin abinci na roba mai kumfa da ake zuba abincin tafi-da-gidanka a ciki, daga Yulin 2025 kuma ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya. In ka ga irin wannan mazubi a wurin, ka faɗa wa mai shi, kada ka bari ya fito a bidiyonka ya zama hujjar da za a rufe masa rumfa. Gargaɗi na biyu: jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto daga sama yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma Ikeja da Agege suna dab da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, don haka ka cire wannan tunani gaba ɗaya a waɗannan unguwanni. In kuma aikin babba ne mai ma'aikata da fitilu a bainar jama'a, ka fara tuntuɓar hukumar tace finafinai ta Jihar Legas.

4. Rubuta abin da za ka ɗauka

Daren da za ka fita, ka rubuta a takarda guda abubuwan da dole ka dawo da su: gaban wurin daga nesa yadda mai nema zai gane shi, hannuwa suna aiki, wuta, abincin a gama, mai wurin yana magana, kai kana ci, da farashi. A ƙasa ka rubuta tambayoyi huɗu ko biyar waɗanda ba a amsa su da "i" ko "a'a": wa ya koya maka sana'ar nan, daga ina kake sayo nama, me ya bambanta cinikin Legas da na gida, wace rana ce kasuwa ta fi ci? Ka tsara fitar yadda ba za ta ci karo da sallah ba, kuma in aka kira sallah kana tsakiyar hira ka dakata, a ci gaba bayan an idar.

5. Saita waya kafin ka danna

Ka sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya yanke maka ɗauka. Ka zaɓi 1080p; minti ɗaya yana cin kamar megabait 60 zuwa 130 gwargwadon wayar, 4K kuwa yana ninka haka sau da yawa, ya cika memori ya kuma sa waya zafi. Wutar lantarkin Najeriya tana tafiya ne a kan 50Hz, shi ya sa in ka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan fitila da saitin firam 30 ko 60 a sakan, wato yawan hotunan da waya ke ɗauka a kowane sakan, za ka ga hoton yana ƙyaftawa ko wasu layuka suna yawo a kansa. Maganin haka shi ne firam 25 ko 50, in kuma wayarka ba ta nuna wannan zaɓi ba ka neme shi a saitin kyamara ko ka sauke manhajar ɗauka mai ba da dama. Ka danna yatsa ka riƙe a kan abincin har waya ta kulle haske da saitin gani a kansa, domin in ba haka ba duk lokacin da wuta ta tashi hoton zai yi duhu ya dawo.

Ka yanke shawara tun farko: a kwance don dogon bidiyon YouTube, a tsaye don TikTok, Reels da Shorts. Kuskuren masu farawa shi ne juya waya tsakiyar ɗauka. In kana son duka biyun, ka ɗauki muhimman wurare sau biyu. Kada ka ja hoto da yatsu don kusantowa, ka taka da ƙafarka ka matsa, kuma kowane guntu ka riƙe shi aƙalla sakan goma ba motsi.

6. Ɗauka a wurin abinci

A ɗauki misalin mai tsire. Rana tana faɗuwa a Legas tsakanin ƙarfe shida da rabi da bakwai kusan duk shekara, saboda haka ka iso tun bayan La'asar, lokacin da ake yanyanka nama fale-fale, ana tsira shi a tsinke, ana birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli, ana yayyafa mai. Wannan sashen da hasken rana za ka ɗauka, kuma shi ne abin da masu saye da dare ba su taɓa gani ba. Ka durƙusa har wayarka ta yi daidai da tsayin tukuba, ka bar hayaƙin ya ratsa tsakaninka da haske, ka ɗauki lokacin da kitse ke ɗiga a kan garwashi wuta ta yi sama. Bayan kowane guntu biyu ko uku ka goge idon kyamara, domin maiƙon hayaƙi yana lulluɓe shi ba ka sani ba, sai ka koma gida ka tarar da komai ya yi hazo. Gargaɗi: kada ka bar waya kusa da wuta fiye da 'yan sakanni, zafi yana kashe ta kuma yana lalata batir.

Da dare ka kafa fitilarka a gefe, sama kaɗan da fuskar mai magana, ba daga gaba kai tsaye ba, kuma kada ka kunna fitilar jikin waya a kan nama, tana sa shi ya yi fari fat ya rasa kyan gani. A bukar da ke cikin ɗaki kuwa, ka nemi teburin da ke bakin ƙofa ko taga, ka zauna hasken yana zuwa ta gefenka.

Murya ita ce rabin aikin. Ka maƙala makirufo kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓar mai magana, ka tabbatar carbi ko babbar riga ba sa gogarsa, ka ɗauki gwaji na sakan ashirin ka saurara da abin kunne kafin ka fara hira ta gaske. Ka tsayar da shi nesa da janareto, ko mafi kyau ka yi hirar tun ba a tayar da janareton ba. In rediyo ko lasifika na kunne ka roƙa a kashe na minti goma. Wannan ba don tsabtar murya kaɗai ba ne, har da matsalar haƙƙin mallakar waƙa da za a zo kanta. Kafin ka tashi, ka kusantar da makirufo ga wuta ka naɗi ƙarar gashin, da sarar wuƙa a kan katako, da ƙarar takardar da ake naɗe naman da albasa da yaji a ciki. Waɗannan sautuka sun fi kowane kiɗa da za ka ɗora daga baya jan hankalin mai kallo.

In ka zo ci, ka yi bismillah, ka ci da dama, ka faɗi abin da harshenka ya ji dalla-dalla: naman ya yi laushi ko da ɗan tauri, yajin citta ya fi yawa ko barkono, tuwon ya tuƙu ko da gudaji. "Ya yi daɗi sosai" ba ta gaya wa kowa komai. Ka biya kuɗin abin da ka ci a gaban kowa, ko da an ce ka bari; in Alhaji ya nace ya ƙara maka kyauta ka karɓa ka gode, amma ainihin abin da ka yi oda ka biya, don bakinka ya zauna a sake. Ka kuma dubi bayan hotonka: a gidajen abincin Legas da yawa akwai kwalaben giya a teburin maƙwabta, kuma masu kallonka na Kano da Katsina, har da iyayenka, za su gani.

7. Masu haɗa abin sha da masana'antu

Masu kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo da fura da nono aikinsu na sassafe ne, wani ma tun daren jiya ake jiƙa gero ko aya, don haka a nan sai ka zo sau biyu: da yamma don jiƙo, da safe don niƙa, tata, damu da ɗurawa a gora. Yawanci a cikin gida ake yi kuma mata ne ke yi, saboda haka ya fi sauƙi mace ta ɗauka ko ka je tare da 'yar'uwarka. Masu kallo tsabta suke fara dubawa, to ka nuna ruwan da ake amfani da shi da yadda ake wanke gorunan, in dai abin nunawa ne. In ba haka ba ne, ka yi wa mai sana'ar nasiha a asirce ka bar ɗaukar. Kada ka ce wani abin sha yana maganin ciwon suga ko hawan jini don mai sayarwa ya faɗa.

Manyan masana'antu irin su Nigerian Breweries a Iganmu, wadda ita ke yin Maltina, da Guinness a Ikeja, ba a shiga da kyamara sai da wasiƙa zuwa sashen hulɗa da jama'a da kuma amsa a rubuce, har ɗaukar ƙofarsu daga waje kan jawo masu gadi. Akasarin masu karanta wannan jagora ba za su tallata giya ba saboda addini, kuma ya kamata mutum ya tsayar da matsayarsa tun kafin tayin kuɗi ya zo, domin a bukukuwan kiɗa da yawa na Legas kamfanonin giya ne ke ɗaukar nauyi, tambarinsu yana ko'ina a dandamali.

8. Bukukuwan kiɗa

Biki na bainar jama'a da na tikiti dokokinsu daban. Felabration, bikin tunawa da mawaƙi Fela Kuti, wanda ake yi kowace shekara a makon 15 ga Oktoba a New Afrika Shrine da ke Agidingbi a Ikeja, da manyan wasannin Disamba a wurare irin su Eko Hotel da Dandalin Tafawa Ɓalewa, da tarukan Freedom Park a tsibirin Legas, duk suna da masu shiryawa, kuma tikiti izinin shiga ne ba izinin ɗauka ba. Makonni kafin ranar ka rubuta wa masu shirya bikin ta shafinsu, ka nemi katin 'yan jarida, ka haɗa da adireshin tasharka da abin da kake son ɗauka. In ba ka samu ba, ka shiga da waya kaɗai, ka bar sanda da fitila a gida don za a iya hana ka shiga da su.

Ka iso da sauran rana ka ɗauki masu kafa kaya, masu sayar da abinci a bakin ƙofa, da hira da 'yan kallo tun kiɗa bai tashi ba, domin bayan ya tashi ba wanda zai ji wani. Kada ka tsaya gaban lasifika, sautin zai fashe kuma babu manhajar da za ta gyara shi. Ka nemi tsakiyar fili kusa da teburin mai sarrafa sauti, nan ne kiɗan ya fi daidaita. Ka ɗauki gajerun guntaye, ba waƙa sukutum ba.

Gargaɗi kan haƙƙin mallaka: YouTube yana da tsarin Content ID da ke gane waƙa ko da a bayan magana take, sai kuɗin tallan bidiyonka ya koma ga mai waƙar ko a toshe bidiyon, Facebook da Instagram kuma kan kashe sautin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma tana kare wasan mawaƙi. Hanya mafi aminci ita ce bidiyonka ya zama labarin bikin ne da muryarka da ta mahalarta, kiɗan ya zama ɗan ɗanɗano.

A tarukan mutanenmu, kamar wasan kalangu a bikin aure, ko filin dambe, ko shagalin Sallah, izini yana hannun mai taron da shugaban makaɗa. Ka gaishe su, ka tambayi sunan makaɗin da na garinsu ka rubuta daidai, ka ba shi kyautarsa a hannu. Gargaɗi mai muhimmanci: liƙi da naira laifi ne a sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, hukuncinsa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure wani sananne wata shida bisa hujjar bidiyon da ya yaɗu a intanet. Duk inda aka fara watsa kuɗi, ka sauke waya, ko ka yanke wurin a tacewa.

Ka je da mutum na biyu mai kula da jaka da bayanka, ka ɗaure waya da igiya a wuyan hannu, ka kuma shirya yadda za ka koma gida tun kafin ka fita. Da tsakar dare kada ka tari danfo ko ƙaramar mota a bakin titi, saboda motocin 'yan fashi da ake kira wan-cans. Ka kira mota ta manhaja ko ka kwana wurin ɗan'uwa a kusa.

9. Tacewa

Da isarka gida, kafin komai, ka kwafi abin da ka ɗauka zuwa wuri na biyu. A waya manhajojin tacewa na CapCut, VN da InShot sun wadatar, a kwamfuta kuma DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta. Ka fara jera hirar, ka yanke maimaici da dogon shiru, sannan ka lulluɓe ta da hotunan hannu, wuta da abinci, yadda idan mai tsire ya ambaci ƙuli-ƙuli mai kallo zai gan shi a daidai lokacin. Sakan biyar na farko su zama mafi kyawun abin da ka ɗauka. Doguwar gaisuwa da roƙon a danna alamar bi su koma baya. Ka rubuta sunan unguwa, farashi da watan da aka ɗauka a jikin hoton, domin farashi yana canzawa kuma ba ka so wani ya je ya yi rigima da mai wurin bayan wata shida. In kana son Yarbawa da Inyamurai masu sayen tsire su kalla, ka sa fassarar Turanci a ƙasa da hannunka, ka kuma ba wani ya duba. Kiɗan baya ka ɗauko daga ma'ajiyar sautin kyauta ta YouTube, ka rage shi ƙwarai a ƙarƙashin magana. Kafin ka ɗora, ka kai wa mai wurin ya gani ko ka tura masa ta WhatsApp.

10. Ɗorawa da faɗin ra'ayi

Taken bidiyo ya ƙunshi abincin da unguwar, kamar "Tuwon shinkafa da miyan taushe a Agege", domin abin da mai nema zai rubuta ke nan. Kwatancen wuri ka sa, amma lambar wayar mai wurin sai da yardarsa.

Gargaɗi: a 2023 an kama wata mata a Legas aka tafi da ita Abuja bayan ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka tuhume ta ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Ka faɗi abin da ka ɗanɗana a matsayin ra'ayinka, amma kada ka zargi wani da sayar da mushe ko guba ko ruɓaɓɓen kaya ba tare da hujja ba. Ka kuma riƙa duba sharhin masu kallo, ka goge zagin ƙabilanci da wuri, don mai rumfar da ka nuna yana zaune ne cikin maƙwabta Yarbawa.

11. Kuɗin shiga

YouTube yana fara raba kuɗin talla ne idan tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1,000 da kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. Idan kuɗinka ya kai dala 10 za a aiko da lambar tantance adireshi ta gidan waya, don haka ka ba da adireshin da wasiƙa ke isa, kuma ba a biya sai ya kai dala 100. Ka cike bayanan haraji na Amurka da aka nema a asusun, in ba haka ba za a yanke maka fiye da kima. Bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya sa masa talla a tsakiya.

Kafin a kai nan, abin da ya fi saurin kawo kuɗi shi ne gidajen abinci su ɗauke ka ka yi musu bidiyon shafinsu. Duk bidiyon da aka biya ka a kansa ka faɗa da bakinka cewa talla ne, ka kuma danna wurin da YouTube ya tanada don bayyana haka. Hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Najeriya tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar, har da na kafafen sada zumunta, don haka ku daidaita da mai tallan kan wanda zai nemi wannan amincewa. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC don ka iya buɗe asusun banki da ba da rasit. Yarjejeniya kuma a rubuce take, ko da a saƙon WhatsApp ne: bidiyo nawa, tsawon kowanne, ranar miƙawa, sau nawa za a yi gyara kyauta, a shafin wa za a ɗora, da rabin kuɗi kafin ranar ɗauka, sauran rabin kuma kafin ka tura bidiyon da babu tambarinka a jiki.